Waƙafin Malam Modi

A bene na biyu, can bayan tashar Illela,
inda fanka ke tuƙa zafi kamar tuwo,
nan na koyi Turancin jarida
a hannun mutumin da bai taɓa ganin Ingila ba.

Malam Modi. Jan biro a bayan kunne,
goro a kunci, tabarau ɗaure da zare.
Na kai masa labarina na farko ina rawar jiki:
gulbin Rima ya cika ya batse,
ya shanye shinkafar mutanen Kwalkwalawa.

Bai dubi gulbin ba, bai dubi shinkafar ba.
Farcensa ya kafa tsakanin kalmomi biyu
kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.
Ya ce, "Ɗiyata, ina kika baro numfashinki?

Kin ce ranar Alhamis. To, an ji rana.
Alhamis ta tsaya da ƙafarta, ba ta biɗar sanda.
Abin da ya biyo ta, lokacin da ruwa ya shigo,
gyara ce ta mai awo bayan tiya ta cika.
Sa waƙafi, a san gyara ce.

Amma in kin ce sun gudu lokacin da ruwa ya shigo,
ba rana, ba wata, ba komi,
wannan gaɓar ita ce azarar ɗaki.
Kika zare ta, rufi ya faɗo.
Bature bai shan iska a nan. Ke ma kada ki sha."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam,
mutane na kwana a makarantar firamare,
tukwanensu sun bi ruwa,
kai kuma kana kiwon ɗigo mai wutsiya?"

Ya tofar da tukar goro ta taga,
ya saurari 'yan kabu-kabu suna ta hon a ƙasa.
"Gona suka rasa, ba mutunci ba.
Wanda ya yi asara, a faɗi asararsa daidai."

Shekara tara ina ƙarƙashin jan biron nan.
Wata rana takardata ta dawo kamar an yanka kaza a kanta,
wata rana ɗigo ɗaya tak,
shi ma sai na kai gida Mabera
nake gane dalilinsa, ina tsakar wanke-wanke.
Bai taɓa cewa na iya ba.
In ya yi shiru ya miƙa wa mai buga shafi,
yabon ke nan.

Yau kujerarsa na nan, da lotsawar zamansa.
Edita ya ce, "Luba, ke za ki rubuta,
layi shida, kafin a ɗauke wuta."

Na rubuta: ya rasu ranar Talata
sai hannuna ya tsaya.

Lokacin da ladan ke kiran assalatu.
Lokacin da jikarsa ke hura gawayin shayi.
Lokacin da shafin jiya ke kan ƙirjinsa,
an zagaye kuskure biyu, na ukun bai rufe ba.

Wanne ne azara, wanne ne gyara?
Ni duk a wurina ɗaki ne ya faɗi.

Amma na ji farcen nan a kan takarda.
Talata ta isa ta ɗauki mutuwa ita kaɗai,
ba ta biɗar sanda.
Sauran namu ne, mu da muka san shi,
gyarar da mai awo ke ƙara wa na gida.

Na sa waƙafin.
Ƙarami, kamar ƙwayar gero da ta fara tsiro.
Na zauna a kansa na ja numfashi
fiye da yadda ƙa'ida ta yarda,
har injin ƙasa ya fara tari,
yaron shafi ya leƙo ya ce, "Anti, ana jira."